Ina kewar lokacin da kowa ke gina shafinsa da hannunsa

Duk sanda aka taɓo hirar tsofaffin shafukan sada zumunta irin su MySpace da Hi5 da Friendster, sai ka ji wani ya ce ai ba shafukan kuke kewa ba, ƙuruciyarku kuke kewa. Wai dama can babu wani abin kirki a ciki, kawai dai mutum yana ɗan sha biyar sha shida ne komai na burge shi. Toh ni dai rabin maganar na yarda da shi, rabin kuma a'a. Gaskiya ne duk abin da ka yi da ƙuruciya in ka waiwaya sai ka ga ya ƙara kyau, wannan ba gardama. Amma fa akwai wani abu na zahiri da aka zare daga hannun mutane, abu ne da za ka iya nuna shi da yatsa ka faɗi shekarar da aka ɗauke shi da kamfanin da ya ɗauka, wato damar da mutum yake da ita ta ya tsara shafinsa yadda ransa ke so, ya sa kalar da ya ga dama, ya ɗora abin da yake so a sama ya tura wanda baya so ƙasa. Wannan damar ta tafi, kuma ba tsufanmu ne ya tafi da ita ba, zama aka yi a ofis aka yanke shawarar cire ta.

Ga wanda bai riski zamanin ba bari in ɗan kwatanta masa. Ka danna sunan abokinka a MySpace wajen 2005 ko 2006, shafin ya fara buɗewa a hankali daga sama, kafin ma hotuna su gama fitowa sai ka ji waƙa ta tashi da kanta baka taɓa komai ba, waƙar da shi ya zaɓa ya ce duk wanda ya shigo ita zai fara ji. Bayan shafin baƙi wuluk, rubutun kore shar ko ruwan hoda, wani lokacin taurari na ta zubowa daga sama ba ƙaƙƙautawa, 'yar kibiyar linzamin kwamfuta ma ya canza ta ta koma zuciya tana jan ƙyalƙyali a bayanta. A gefe ga bayanin da ya rubuta a kan kansa, na wani layi uku na wani kuma sai ka gaji da karatu, ga jerin abubuwan da yake so, ga yanayin da ya tashi da shi yau ko farin ciki ko haushi, can ƙasa kuma ga hotunan mutum takwas da ya ware ya ce su ne na hannun damansa. Ka fita ka shiga na wata sai ka ga nata fari fat babu tarkace, hoto ɗaya da baiti biyu da ƙaramin rubutu shikenan. Tun kafin ka karanta kalma ɗaya ka san waye mai wurin, ka san ko mai hayaniya ne ko mai sanyin hali, har kana iya gane jiya an ɓata masa rai tunda cikin dare ya sauya kalar gaba ɗaya.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a tarihin nan shi ne ba da gangan aka ba mutane wannan damar ba. Tom Anderson da Chris DeWolfe sun buɗe MySpace a watan Agustan 2003, kuma masu rubuta manhajar sun bar wata kafa ba su toshe ba, akwatin da aka ce ka rubuta bayanin kanka yana karɓar kod ɗin HTML da CSS, wato rubutun umarnin da ake gina shafi da shi, ya yi aiki da shi maimakon ya nuna shi a matsayin rubutu kawai. Masu amfani da shafin ne suka gano, wannan ya gaya wa wancan, kafin a farga abin ya bazu, da kamfanin ya ga mutane na so sai ya ƙyale. Ka duba fa, kafa aka bari bisa kuskure amma miliyoyin mutane suka bi ta ciki da gudu, ba wanda ya tallata musu ba wanda ya ce zai biya su. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka son mutum ya gyara wurinsa da hannunsa a jininmu yake. Zuwa tsakiyar 2006 MySpace ne shafin da aka fi shiga a Amurka, har ya sha gaban Google.

Yadda ake yi kuwa, ka je wani shafin da ke raba tsare-tsare kyauta, ka kwafo wani dogon rubutu cike da alamomin da baka fahimci ko ɗaya ba, ka manna a akwatin, ka adana ka buɗe ka gani. In kalar bata yi maka ba sai ka koma kana bi layi-layi har ka ga inda aka sa alamar # da baƙaƙe shida a gabanta, ka goge 000000 ka rubuta FFFFFF sai ka ga baƙi ya koma fari, nan take ka gane ashe waɗannan su ne kala. Gobe ka gano wanda ke ƙara girman rubutu, jibi ka gano yadda ake ɓoye wani sashe gaba ɗaya. In ka manta alama ɗaya baka rufe ba shafin ya watse, hotuna su hau kan rubutu, ka zauna kana ta nema har ka gano inda ɓarnar take, kuma daɗin da za ka ji ranar da ka gano da kanka ba a magana. Babu malami babu aji babu takardar shaida. Da yawa cikin masu gina shafuka da manhajoji a yau in ka tambaye su ina suka fara za su ce maka a nan ne, ko a shafin wasa na Neopets ko a shafin rubuce-rubuce na Tumblr, kuma 'yan mata da yawa ta wannan hanyar suka shiga harkar, waɗanda da ba wanda zai taɓa kiransu ya ce zo ki koyi kwamfuta. Yaron da ya taso da TikTok yau ya fi mu iya yanka bidiyo da haɗa sauti nesa ba kusa ba, ban raina wannan ba ko kaɗan, amma bai taɓa ganin rubutun da ke ƙarƙashin shafin da yake kallo ba, ba a ma ba shi hanyar gani ba. Ga maɓallan da aka yarda ya danna nan, iyakarsa kenan.

MySpace ma gado ya tarar. Tun 1994 David Bohnett da John Rezner suka kafa abin da ya zama GeoCities, inda ake ba ka ɗan fili kyauta ka gina shafi, an kuma raba wurin unguwa-unguwa, masu son fim suna Hollywood, 'yan kwamfuta suna SiliconValley, masu labaran halittun sararin sama suna Area51, adireshinka sunan unguwa ne da lamba huɗu. Kusan kowane shafi da 'yar na'urar ƙirga baƙi a ƙasa, da littafin baƙi inda wanda ya shigo zai rubuta na zo na gani na gode, da ɗan hoton lebura yana haƙa ƙasa alamar aiki bai ƙare ba tukuna. Wani shafinsa gaba ɗaya a kan magensa ne, wata ta tattara duk abin da ta sani game da cutar da ɗanta ke fama da ita dan wasu iyayen su amfana, wani dattijo ya jera tarihin kakanninsa. In aka ƙara komawa baya ma, burauzar farko da Tim Berners-Lee, wanda ya ƙirƙiro yanar gizo, ya rubuta a 1990 da ita kake karanta shafi da ita kuma kake rubuta naka, tun asali da tunanin kowa zai yi gini aka kafa yanar gizo.

Kar kuma a ɗauka abin na Amurkawa ne kaɗai. A Koriya ta Kudu akwai Cyworld, kowa da ɗan ɗakinsa na zane da yake sa wa kujeru da waƙa. Matasan Faransa sun cika Skyblog tun 2002, na Ingila suna Bebo suna canza masa riga yadda suke so, Friendster ya kama Filifin da Indonesiya. Waɗanda ba su da kwamfuta sai ƙaramar waya mai maɓallai su ma ba a bar su a baya ba, da burauzar waya ta Opera Mini suke shiga irin su Wapka da Peperonity su gina shafi sukutum da babban yatsa, har da ɗakin hira da wurin sauke hotuna. Wahala kam akwai ta amma suna yi.

Sai ga Facebook ya fito a Fabrairun 2004 daga jami'ar Harvard, shuɗi da fari, kowa iri ɗaya. Sunanka na gaskiya, hotonka a inda aka ce, makarantarka, ranar haihuwarka, kana da aure ko baka da shi, akwatuna ne aka jera kai dai naka cikewa. Mutane da yawa sun ji daɗin hakan kuma na fahimce su, shafin na buɗewa da sauri, ba waƙar da za ta firgita ka cikin dare, in kana neman abu ka san inda yake. Amma bambancin da ke tsakanin biyun shi ne bambancin ɗakinka da ɗakin otal. Na otal ya fi tsafta, an gyara gado an goge madubi, amma baka isa ka buga ƙusa a bango ka rataye hoton mahaifiyarka ba, na kusa da kai ma irin naka ne sak har labule, kuma ranar da ka fita ba abin da zai nuna ka taɓa kwana a wurin. Mutum na iya yin kwana biyu a otal ya ji daɗi, amma mu kwashe mu aka yi gaba ɗaya aka ce nan za ku zauna, yau kusan shekara 20 kenan.

Babban juyin ma ba a kala yake ba. Ranar 5 ga Satumban 2006 Facebook ya fito da News Feed, wannan dogon layin da ke kwaso abin da kowa ya yi ya zube maka a gabanka. Kafin ranar in kana son sanin halin da wani yake ciki sai ka je shafinsa, kai ne ka tuna da shi, kai ne ka yi niyya ka danna sunansa, ka duba me ya canza, ka bar masa saƙo, shi ma in ya gani ya san takanas ta Kano ka zo dominsa. Ziyara ce, kuma ziyara tana da nauyi a zuciya ko da ta intanet ce. Bayan ranar kuwa ba sai ka je wurin kowa ba, kana zaune ake kawo maka, toh tunda ba mai zuwa shafinka me zai sa ka raba dare kana gyara shi? A nan ne shafin mutum ya fara mutuwa tun ma kafin a kwashe kayan gyaran. Ɗalibai dubu ɗaruruwa sun yi bore a satin, su abin da ya dame su a lokacin tonon silili ne, Mark Zuckerberg ya fito ya ba da haƙuri ya ƙara wasu maɓallan sirri amma layin bai cire shi ba, a ƙarshen watan kuma aka buɗe shafin ga duk wanda ya kai shekara 13. A 2009 aka kawo maɓallin layik, sai ya zamana ko ɗan rubutun da kake bar wa mutum ba sai ka yi ba, dannawa ɗaya ta wadatar. Daga baya aka daina jera abubuwa bisa lokacin da aka saka su, Instagram da Twitter duk sun koma haka a 2016, na'ura ce ke zaɓar wanda za ka gani da wanda za a ɓoye maka, har muka iso TikTok inda yawancin abin da kake kallo na mutanen da baka sani ba ne kuma baka nema ba. Dan Allah ka tambayi kanka, yaushe rabonka da buɗe shafin wani amininka haka kawai dan ka ga yadda yake, ba dan kana binciken wani abu ba?

Me yasa kamfanonin suka fi son kowa ya zama iri ɗaya? Ruwa dai baya tsami banza. Kuɗinsu daga talla yake fitowa, ita kuma talla tana son a san ko kai waye a tsare, shekarunka nawa, mace ce ko namiji, ina kake me kake so. In ka rubuta wannan cikin dogon labari da ruwan hoda a kan hoton dare na'ura sai ta sha wahala kafin ta tsinto, amma in ka cike akwati ka danna layik an gama, an saka ka a jerin da za a sayar wa mai talla. Sannan babban kamfani baya son tallarsa ta fito a gefen shafin da ba a san me mai shi zai liƙa gobe ba, layi ɗaya da kowa ke bi yana ja da yatsa shi ya fi daɗin cusa talla a tsakani. Shi yasa kowa ya bi sahu. YouTube da can kana iya sa wa tasharka hoton baya da kaloli, a 2013 aka mayar da kowa tsari ɗaya. Twitter ya kwashe hotunan bayan da mutane suka saka a 2015. MySpace ɗin kansa, wanda kamfanin Rupert Murdoch ya saya dala miliyan 580 a 2005, da ya ga ana watsewa sai ya shiga kwaikwayon wanda ya kayar da shi, a 2011 aka sayar da shi wajen dala miliyan 35. Ɗan adon da ya rage a wasu manhajojin kuma an mayar da shi haja, a manhajar hira ta Discord in kana son hoton sama mai motsi ko kalar da za ta bambanta shafinka sai ka biya kuɗin wata-wata. Sun sani sarai mutane na so tunda ga shi suna sayarwa.

Na san abin da za a ce kuma ba zan yi kamar ban ji ba. Za a ce shafukan nan munana ne, wasu ko karanta su ba a iya yi, jan rubutu a kan jan hoto, ga nauyi, mai intanet mara ƙarfi ya yi ta jira, makaho mai amfani da manhajar da ke karanta masa allo kuwa ya shiga uku. Duk gaskiya ne. Za a ce barin mutane su saka kod haɗari ne, shi ma gaskiya ne, a watan Oktoban 2005 wani matashi mai suna Samy Kamkar ya saka wani ɗan kod a shafinsa na MySpace, duk wanda ya buɗe shafin sai ya tura masa neman abota ba da saninsa ba, kod ɗin kuma ya kwafi kansa ya koma shafin wancan, cikin ƙasa da kwana ɗaya ya kama mutum sama da miliyan ɗaya, dole aka rufe MySpace aka yi gyara shi kuma ya ƙare a kotu. Ga kuma zuwan wayoyin zamani, iPhone a 2007, Android a 2008, shafin da aka tsara dan faffaɗan allon kwamfuta in ya shiga tafin hannu sai ya rikice.

Amma duk waɗannan cututtuka ne da aka san maganinsu. Ana iya tace kod a bar na kala da tsari a hana wanda ke aikata abu a bayan idon mutum. Tumblr tun 2007 yake barin mutane su rubuta tsarin shafinsu da kansu kuma yana nan har yau. Ana iya saka maɓalli ɗaya da zai ba baƙo damar kashe adon ya ga shafin a sauƙaƙe in idonsa baya ɗauka. Kamfanonin da suka iya gina na'urar da ke gane fuskarka a cikin taro ba za su ce mana sun kasa gano yadda shafi mai kala zai zauna daidai a waya ba, ba a so ne kawai. Batun muni kuwa, wallahi ni ya fi min in ga munin da mutum ya yi da hannunsa yana alfahari da shi, da in ga kyan da aka raba wa mutum biliyan 3 iri ɗaya.

Kuma wa ma ke yanke hukuncin abin da yake mummuna? A 2007 wata mai bincike a Amurka, Danah Boyd, wadda ta daɗe tana hira da matasa, ta lura cewa ƙaurar da ake yi daga MySpace zuwa Facebook ba haka siddan take tafiya ba, 'ya'yan masu hali da masu shirin shiga jami'a su suka fara tafiya suna kallon MySpace a matsayin wurin marasa aji, 'ya'yan talakawa da na baƙin haure da waɗanda ba sa cikin 'yan gatan makaranta kuma su suka fi zama. Kenan ƙyalƙyalin nan da ake rainawa adon wasu mutane ne, abin da ya yi wa wasu daɗin ido aka ɗauka aka mayar dokar kowa. Wannan yana min ciwo har yanzu.

Ban ce zamanin aljanna ba ne fa. Jerin mutum takwas ɗin nan ya raba abokai da yawa, a ɗauke ka daga na biyu a mayar da kai na bakwai ko a fitar da kai gaba ɗaya kowa na gani, yara sun yi kuka a kan wannan. Cin zarafi da yaudara da sunan ƙarya duk akwai su, a 2006 wata yarinya 'yar shekara 13 a jihar Missouri ta kashe kanta bayan an yaudare ta da shafin wani saurayi da babu shi a duniya, wanda da hannun wata babbar mace maƙwabciyarsu aka ƙirƙira. Duk mai kewar zamanin ya kamata ya riƙe wannan a ransa. Sai dai a lura, da aka kwashe kalolin da waƙoƙin cin zarafin bai bi su ya tafi ba, yana nan daram.

Akwai kuma ɓangaren da ba a cika son tunawa ba, shafukan nan da muke kira namu kayan aro ne tun farko, kuma mai kaya ya zo ya karɓi abinsa. Yahoo ya sayi GeoCities a 1999 a kan sama da dala biliyan 3 da rabi, ranar 26 ga Oktoban 2009 ya kashe shi, miliyoyin shafuka da mutane suka yi shekaru suna ginawa. Wasu 'yan sa kai da ake kira Archive Team ƙarƙashin Jason Scott suka yi ta kwasa dare da rana kafin wa'adin ya cika, abin da suka tsira da shi suka sake shi kyauta, wajen gigabayit 650. Friendster ya goge hotuna da rubuce-rubucen mutane a 2011 ya koma shafin wasanni. Wanda ya fi ci min rai shi ne na MySpace, a watan Maris na 2019 suka amsa cewa garin sauya rumbun ajiya sun yi asarar waƙoƙin da aka ɗora tsakanin 2003 da 2015, an ƙiyasta waƙa miliyan 50 na mawaƙa miliyan 14. Ka yi tunanin yaron da ya yi waƙarsa ta farko ya ɗora a can bai ajiye wani kwafi ba, ko iyayen da ɗansu ya rasu kuma a can kaɗai muryarsa take. Cibiyar Pew ta Amurka ta yi bincike a 2024 ta gano kashi 38 cikin 100 na shafukan da suke nan a 2013 ba sa buɗuwa bayan shekara 10. Duk wanda yake ganin hotunan 'ya'yansa da ke Instagram ko Facebook sun fi ƙarfin irin wannan ranar, toh masu GeoCities ma haka suka ɗauka.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wurina kuwa daga yaran yanzu ta fito. A ƙarshen 2020 wani Bajamushe ɗan shekara 18, Anton Röhm, ya gina SpaceHey, kusan kwafin MySpace na da, har da damar saka kod. Lokacin da MySpace ke tashe shi ƙaramin yaro ne, kuma da yawan waɗanda suka cika wurin sa'o'insa ne ko ƙannensa. Neocities da Kyle Drake ya buɗe a 2013 dan ya farfaɗo da irin abin da GeoCities ke yi, yau shafuka sama da miliyan ɗaya ne a ciki, ka shiga ka zagaya ka ga ɗalibai sun dawo da littafin baƙi da na'urar ƙirga baƙi, suna koya wa juna kod kyauta, kowa na saka adireshin shafin ɗan uwansa a nasa dan a samu masu kai masa ziyara. Waɗannan ba su ga zamanin ba balle a ce kewa ce ta rufe musu ido, sun taso ne cikin layin da baya ƙarewa suka ji wani abu ya yi musu ƙaranci, da suka ga an taɓa yin wani iri sai suka nufe shi.

Dan haka ni ba 2005 nake nema a dawo min da ita ba, waƙar da ke tashi da kanta ma a bar ta can. Abin da nake so manyan shafukan nan su bar wa mutum shafinsa na kansa ya tsara shi, layinsu na talla su riƙe abinsu, kuma su bar mu mu zaɓi ganin abokanmu bisa lokaci ba tare da an mayar da mu zaɓin na'ura duk sanda muka rufe muka buɗe ba. Wanda yake da hali ya buɗe nasa shafin a gefe, ko na kyauta ne, ya riƙa sauke hotunansa da rubutunsa yana ajiyewa a hannunsa. Sauran kuma aikin doka ne. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a Mayun 2018 ta ba mutum haƙƙin karɓar bayanansa daga kamfani, abu ne mai kyau, amma abin da ake miƙo maka tarin fayil ne da babu inda za ka kai shi ya tashi ya zama shafi da abokanka a ciki. Lokacin da aka rufe Skyblog a Agustan 2023 babban ɗakin karatu na ƙasar Faransa ya shiga ya kwashi shafukan matasan nan ya adana su a matsayin tarihin ƙasa, kuma haka nake so ya zama dole ko'ina, duk kamfanin da zai rufe wurin da mutane suka zuba shekarunsu a tilasta masa ya ba da isasshen wa'adi, ya ba kowa nasa a tsarin da zai iya ɗauka ya kai wani wuri, abin da aka wallafa a fili kuma a miƙa shi ga ma'ajiyar tarihi kafin a kashe na'urorin.